Yadda Ake Kare Kunne Daga Ƙarar Sifika a Biki da Filin Wasa

Sana'ata ɗaukar hoto da bidiyo a bukukuwa, tsakanin Gusau, Ƙauran Namoda da Talatar Mafara. Mai kyamara kuwa wurin tsayuwarsa sananne ne, gaban fili inda ake liƙi, amarya da ango a gabansa, manyan sifiku a bayan ƙeyarsa. A wata dina da aka yi a Gusau na tsaya a irin wannan wuri tun bayan isha'i har sha biyu ta gota. Da na hau babur zan koma gida sai na ji gari ya yi wani irin shiru, kamar an cusa mini auduga, ga wani siririn kuka, shiii, a cikin kai. Da safe Inna ta yi ta kira daga tsakar gida ban amsa ba, har ta leƙo ɗaki ta ce, "Wai kai, kira nawa zan yi maka?" Kunnen dama ya washe bayan kwana biyu. Na hagu har yau yana kukansa, musamman da dare idan an ɗauke wuta fanka ta tsaya.

Ban bar aiki ba, ban kuma daina son kiɗa ba. Abin da na koya a wurin likita da abin da na gwada da kaina shi zan jera a nan, don wanda kunnensa ke lafiya ya riƙe abinsa, wanda kuma ya fara jin alama ya tsayar da ɓarnar inda take.

Mataki na ɗaya: san abin da kake gudu

Can cikin kunne, bayan dodon kunne, akwai wani ɗan sashe mai siffar katantanwa. A cikinsa akwai ƙananan ƙwayoyin halitta masu kai kamar gashi, wajen 15,000 a kowane kunne, su ne ke karɓar motsin sauti su miƙa wa jijiya. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da su kamar yadda iska ke kwantar da gero a gona. Idan abin bai yi yawa ba, su miƙe bayan kwana ɗaya ko biyu, shi ne dishi-dishin da ake ji bayan biki. Idan aka yi ta maimaitawa sai wasu su mutu, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Babu allura ko ƙwayar da ke dawo da shi. Abin da ya sa mutane ke sakaci shi ne ɓarnar ba ta zuwa da ciwo. Ido ko ƙura ce ta shiga zai yi hawaye, kunne kuwa sai ya lalace shiru.

Ana auna ƙarfin sauti da desibel. Hira tsakanin mutum biyu tana kai wajen 60. Masana lafiyar ma'aikata a Amurka sun sa iyaka a 85 na tsawon awa 8 a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa ɗaya, 97 rabin awa, 100 minti 15 kacal. Gaban manyan sifikun wasa kuwa ana kai 100 har a wuce. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren kiɗa da shagali cewa kada matsakaicin ƙara ya wuce 100, ta kuma ce matasa fiye da biliyan ɗaya ne ke cikin haɗarin rasa ji saboda irin wannan sauraro. Ka lissafa da kanka. Dinar da aka fara tara aka tashi sha biyu, minti 15 nawa ke cikinta?

Ba sai kana da na'ura za ka gane ba. Ka tsaya kimanin tsawon hannu daga abokinka. Idan sai ka ɗaga murya sosai yake jin ka, wurin ya kai 85 ko ya wuce. Idan sai ka kai baki kunnensa ka yi ihu, kun yi nisa da iyaka. Akwai manhajojin waya masu auna ƙara, suna ba da haske, amma wayoyi sun bambanta, kada ka rantse da lambar da ta nuna maka.

Mataki na biyu: zaɓi matoshi

Iri uku ne za ka yi hulɗa da su.

Na soso shi ne mai arha, ɗan guntu kamar kan yatsa, yawanci ruwan lemo ko ɗorawa. Ka neme shi a manyan kemis, ko a shagunan da ke sayar da hular kwano, safar hannu da takalman ma'aikatan gini, nan ma ya fi samuwa. Shi ya fi kowanne rage ƙara idan an sa shi daidai. A jikin leda za ka ga lamba, sau da yawa tsakanin 29 da 33, amma wannan awon ɗakin gwaji ne. A hannun mutane, da yadda suke cusa shi sama-sama, rabin haka ake samu ko ƙasa. Aibinsa ɗaya, yana danne siraran sautuka fiye da masu kauri, sai ka ji kiɗa kamar daga ɗakin maƙwabta.

Na roba mai hawa biyu ko uku, kamar ƙaramar bishiya, ana wanke shi a sake sawa. A cikin irinsa akwai wanda aka yi musamman don makaɗa da masu zuwa kallo, yana da 'yar matata a tsakiya wadda ke rage sauti bai ɗaya, kimanin desibel 15 zuwa 20. Da shi kalangu yana nan a kalangunsa, muryar mawaƙi tana fita tas, an dai rage mata ƙarfi ne kamar ka murɗa rediyo ƙasa. Shi nake sawa a wurin aiki, domin ina bukatar jin umarnin uwar biki. A kasuwanninmu yana da wuyar samu, ta intanet na yi odar nawa. Ko 15 kaɗai ya rage maka, ya mayar da 100 zuwa 85, wato minti 15 ya koma awa 8. Ga dije, mai gabatarwa, maroƙi, mai kyamara da makaɗi, ban ga kayan aikin da ya fi wannan cancantar kuɗinsa ba.

Na uku shi ne mai rufe kunne gaba ɗaya ta waje, irin wanda ake gani a kan ma'aikatan filin jirgi. Shi ne na yara.

Auduga da takardar goge hanci ba matoshi ba ne. Abin da suke ragewa kaɗan ne, sai dai su sa mutum ya saki jiki ya matsa kusa da sifika, wani lokaci ma guntu ya maƙale a ciki. Iyafis ma haka. Wanda ya sa shi ya ƙure waƙar wayarsa don ya danne ta dije, ƙara biyu ya tara wa kunne ɗaya.

Mataki na uku: sa shi daidai

A nan ne yawancin mutane ke faɗuwa, don haka zan tsaya a kai. Na sha ganin wanda ya ɗora soso a bakin kunne, rabi a waje kamar an soka alli, yana cewa ai abin ba ya aiki.

Ka fara da wanke hannu ka goge ya bushe. Mata, a sa kafin a taɓa hoda da man gashi, kuma kafin a ɗaura ɗankwali, don in an kafa ɗauri ba mai son ya ɓata shi.

Ka ɗauki soson tsakanin babban yatsa da manuni ka murza shi a hankali, kana ƙara matsawa, har ya zama siriri sumul kamar tsinken fensir. Murzawa ake yi, kada ka lanƙwasa shi ko ka latse shi ya yi faɗi, domin duk wata tattara da ta fito a jikinsa hanya ce da ƙara za ta bi.

In kunnen dama za ka sa wa, ka zagayo da hannun hagu ta saman kai, ka kama saman kunnen ka ja shi sama da baya kaɗan. Ramin kunne a karkace yake, wannan jan ne ke miƙar da shi. Mutane da yawa suna tsallake wannan, shi ya sa nasu ke tsayawa a ƙofa.

Kana riƙe da kunnen, ka zura soson da sauri kafin ya kumbura, har sai ɗan ƙarshensa kawai ya rage wanda farce zai iya kamawa. Ka ɗora yatsa a kai ka ƙirga talatin a zuci. Za ka ji yana buɗewa yana cika ramin, hayaniyar waje tana ja da baya. Sai ka yi wa ɗaya kunnen haka.

Ga yadda za ka tabbatar ya zauna. Ka yi magana, muryarka za ta yi kauri ta koma cikin kai kamar kana magana a cikin randa. Ka dubi madubi ta gaba, bai kamata ka hango shi ya turo ba. Sannan ka rufe kunnuwanka da tafin hannu ka buɗe. Idan ka ji bambanci babba tsakanin rufewa da buɗewa, bai toshe ba, ka cire ka sake murzawa.

Na roba ba ya bukatar murzawa. Ka ja kunne kamar yadda na faɗa, ka tura kana ɗan juya shi har ya kama. In ya yi zafi to ya yi maka girma, akwai ƙanana.

Wajen cirewa kada ka fizge. Ka juya shi a hankali iska ta shiga tukuna, saboda fizga tana jan dodon kunne. Kuma ka gwada duk wannan a gida sau uku ko huɗu kafin ranar biki, ka kunna rediyo kusa da kai. Rabin awar farko za ka ji baƙon abu, har ƙarar taunarka za ka riƙa ji, daga baya ka manta da shi.

Mataki na huɗu: lokaci da wurin zama

Ka sa tun kana bakin ƙofa, kafin ka shiga. Wanda ya bari sai kunnensa ya fara kuka ya riga ya makara a wannan daren. Kuma kada ka riƙa cirewa don gaisawa da mutane. Minti goma a gaban sifika babu kariya ya isa ya cinye mafi yawan amfanin awoyin da ka yi da shi. Abin mamaki ma, a cikin hayaniya mai tsanani sau da yawa an fi jin maganar mutum da matoshi a kunne.

Da ka shiga, ka duba inda sifikun suke da inda bakinsu ya dosa. A fili, duk lokacin da ka ninka tazararka da sifika, ƙara tana sauka da kimanin desibel 6, wato lokacin da kunne zai iya jurewa ya ninku huɗu. Daga taku uku zuwa shida, daga shida zuwa sha biyu, ka ga riba ba ka kashe ko sisi ba. A cikin ɗakin taro abin bai kai haka ba, domin bango da tayil suna dawo da sauti, amma duk da haka tsakiya ko baya ya fi gaba, gefe ya fi saitin baki. Ka guji kusurwa, a nan dukan ganga mai kauri ke taruwa. In za ka yi liƙi, ka shiga ka yi ka fito.

Kowace awa ka fita waje minti goma. Lokacin salla ma hutu ne ga kunne: ka cire don alwala, ka bar kunnen ya bushe kafin ka mayar.

Kiɗanmu na gargajiya a filin dambe ko kokawa, muddin kana cikin 'yan kallo, bai cika yin illa ba sai an kafa masa makirfo an haɗa da sifika. Abin tsoro shi ne bindiga. Harbi ɗaya yana wuce desibel 140, kuma shi ba ya jiran minti 15, tashi ɗaya yake ɓarna. A hawan Salla ka nisanci 'yan bindiga, ka janye yara daga masu wasan nokawut. Wanda ya je Argungu kallon bikin kamun kifi a Matan Fada, inda da harbin bindiga ake sakin masunta, ya san yadda jama'a ke turereniyar zuwa gaba. In ka samu kanka kusa ba ka da komai, ka danna ɗan naman da ke ƙofar kunne da yatsa ya rufe ramin.

Kafin ka hau babur ko ka kama sitiyari, ka cire. A kan titi kana bukatar jin hon.

Mataki na biyar: yara

Babu abin da ke sosa mini rai a wurin aiki kamar in ga uwa ta shiga fili da goyo, tana rawa, kan jaririn yana saitin sifika. Yaron ba zai ce kunnensa na kuka ba, in ma ya yi barci sai a ce ai ya saba. Na taɓa matsawa na ce wa wata, "Yaya, don Allah ki ba Gwaggo shi ta riƙe miki a waje har ki fito." Ta harare ni, amma ta kwance goyon.

Jariri a bar shi gida ko a rumfar da ke nesa. Ƙaramin yaro kada a sa masa na soso, zai ciro ya kai baki ya shaƙe. A nema masa mai rufe kunne ta waje daidai kansa. Yaron da ya toshe kunne da hannu yana kuka a biki ba rigima yake ba, a fitar da shi.

Mataki na shida: bayan an tashi

Ka ba kunne hutun yini guda aƙalla. Ba iyafis, ba zama gefen janareta ko injin niƙa. Wannan yana da wuya a bikinmu da ake jera kamu, yini da dina kwana uku, shi ya sa matoshi ya zama dole tun ranar farko.

Na roba a wanke da sabulu da ruwan ɗumi, a shanya, a ajiye a ɗan gwangwani mai murfi saboda ƙurar hunturu. Na soso ba a wanke shi. Da ya yi dauɗa ko ya daina kumbura, a yar. Kada a yi aron na wani. Wanda kunnensa ke ciwo ko yake zubar da ruwa kada ya sa komai sai likita ya duba. Sannan a bar sakace da gashin kaza, tsinken ashana ko tsinken auduga, tura dattin suke ciki, matoshi kuma ya ƙara danna shi.

Mataki na bakwai: idan ƙara ta fara yi maka zafi

Bayan wancan dare, ba kukan ne ya fi wahalar da ni ba. Wata biyu na yi ba na iya jure ƙarar cokali a faranti. Ƙanwata ta ajiye kwano a siminti, in ji kamar an soka mini allura. Kukan yaro, hon ɗin Keke, buga ƙofar langalanga, duk suka zama azaba, alhali kowa a gidan bai ji komai ba. Wannan lalura ce sananniya a wurin likitocin kunne, tana yawan zuwa tare da kukan kunne bayan an sha ƙara. Mai ita ba raki yake ba, kuma ba iskoki ba ne.

Kuskuren da na yi, kuma kusan kowa ke yi, shi ne na koma sa matoshi ko'ina, a ɗaki, a shago, har wurin cin abinci. Sai abin ya ƙaru. Likita ya yi mini bayani cewa in aka hana ƙwaƙwalwa jin sauti, sai ta ƙara buɗe kunne don ta kamo abin da ya rage, kamar wanda ya daɗe a ɗaki mai duhu ya fito rana. Ya ce in ajiye matoshi don wurin da ƙara ta kai ta cutar da kowa, biki, filin wasa, injin niƙa, wurin walda. A sauran wurare in bar kunne a buɗe.

Abin da ya taimake ni shi ne komawa cikin sauti sannu a hankali. Na fara da barin rediyo ƙasa-ƙasa a ɗaki, na koma zama tsakar gida lokacin girki, daga nan majalisa, sai kasuwa na ɗan lokaci. Da dare ba na kwana cikin shiru tsit, ina kunna fanka ko karatu a waya can ƙasa, ba da iyafis ba, don kukan ya samu abin da zai ɓuya a ciki. Na lura rashin barci da damuwa suna ƙara masa ƙarfi. Ka kuma gaya wa mutanen gida abin da ke damunka, domin wanda bai sani ba zai ɗauka wulaƙanci ne in ka tashi ka bar wuri.

Mataki na takwas: lokacin zuwa asibiti

In ji ya ɗauke farat ɗaya, musamman a kunne guda, ka je a ranar ko washegari. Akwai maganin da ake bayarwa wanda amfaninsa yana cikin kwanakin farko, jira yana kashe damar. Haka in akwai jiri, jini, ruwa ko ciwo mai tsanani, ko kukan yana bugawa tare da bugun zuciya. In kuka ko dishi-dishi ya wuce mako bai tafi ba, shi ma a je. Kada a ɗiga man ja, man zaitun ko ruwan albasa, in dodon kunne ya huje ƙara ɓarna za su yi.

Ka nemi sashen kunne, hanci da maƙogwaro a babban asibitin tarayya na Gusau ko na Birnin Kebbi, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A Kaduna akwai cibiyar kula da kunne ta ƙasa. Ka roƙi a yi maka awon ji, ka ajiye takardar don a kwatanta nan gaba. Ka faɗa wa likita magungunan da ka sha, domin kwinin, allurar jentamaisin da asfirin mai yawa suna iya taɓa kunne. Faɗa kawai za ka yi, kada ka dakatar da magani da kanka.

Mataki na tara: idan bikin naku ne

Ku kuke biyan dije, don haka ku yi magana da shi tun ranar ciniki, kafin jama'a su cika. A ɗora sifiku a kan ƙafa sama da kan mutane, a juya bakinsu ga filin rawa, a kai kujerun iyaye da masu goyo gefe ko baya. Lokacin cin abinci da nasiha a sauke sauti. A naɗa mutum guda cikin dangi, wanda dije zai ji nauyinsa, ya riƙa zagayawa yana gwada magana da na kusa da shi, in sai da ihu ya je ya ce a rage.

A bikin ƙanena na sayi kwalin na soso na zuba a faranti kusa da ƙofa, na tsaya ina nuna wa masu shiga yadda ake murzawa. Samari suka yi ta wucewa. Kawu ne ya fara tsayawa, ya juya abin a hannu ya ce, "Ɗana, wannan fa na mene ne?" Na ja masa kunne na sa masa, ya ƙirga talatin ɗinsa, ya shiga ya zauna har aka tashi, shi da bai taɓa wuce rabin awa a dina ba. Da zai tafi ya ɗebi guda huɗu ya zuba a aljihun gaba, ya ce zai kai wa yaron da ke masa aiki a injin niƙa.